Shin Fita Zaɓe Yana da Amfani? Tambayoyin Mutanen Kano da Amsoshinsu

Da zarar an fara liƙa fastoci a jikin gadoji, maganar ɗaya ce a teburin mai shayi da cikin adaidaita sahu: "Ni dai an sha ni na warke, ba zan ƙara bin layi ba." Wani ya ce masa ai wanda bai yi zaɓe ba ba shi da bakin magana, sai gardama ta kaure har shayi ya huce. Waɗannan su ne tambayoyin da na fi ji a irin wannan zama. Ni ina fita zaɓe, gara in faɗa tun yanzu, amma ban ɗauki wanda ba ya fita a matsayin marar hankali ba.

Wai mutum nawa ne ma suke fita?

Kaɗan ne, kuma kullum raguwa suke. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 kusan kashi 69 cikin 100 na masu rajista aka ce sun fita. A 2015 ya sauko wajen kashi 44, a 2019 wajen 35, a 2023 bai kai 27 sosai ba. Mutum miliyan 93 da ɗoriya ke cikin rajista a 2023, amma waɗanda suka dangwala ba su cika miliyan 25 ba. Bola Tinubu ya hau mulki da ƙuri'a miliyan 8.79, wato cikin kowane mutum 10 masu rajista, ko guda ɗaya cikakke bai samu ba.

A 2023 Kano ita ce ta biyu a yawan masu rajista bayan Legas, da mutum miliyan 5.9. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris 2023, wanda kowa ya shaida an yi masa fitar farin ɗango, ƙuri'un wajen miliyan 2 ne kawai. Sulusi ke nan. Gaskiya ne a cikin rajistar akwai waɗanda suka rasu da waɗanda suka bar gari, don haka lissafin yana ƙara munana abin fiye da yadda yake. Ko an cire su, masu zama a gida sun fi masu fita.

Ƙuri'ata guda ɗaya me za ta canza a jiha mai miliyoyin mutane?

Idan mutumin wata jiha ya yi wannan tambaya zan yi masa uzuri. Bakano kuwa amsar tana ƙofar gidansa.

A zaɓen gwamna na 2019 Abdullahi Umar Ganduje ya samu ƙuri'a 1,033,695, Abba Kabir Yusuf ya samu 1,024,713. Tazarar 8,982 ce. Jihar Kano tana da mazaɓu 484. Raba ka gani: ba ta kai ƙuri'a 19 a kowace mazaɓa ba. Mutum 19 ko sahun gaba na masallacin unguwa ba su cika ba. Kowa da abin da yake faɗa kan yadda aka kai ga wannan adadi, za mu zo kansa, amma abin lura shi ne da tazarar zagayen farko ta yi faɗi, da ba a ma je zagaye na biyu ba.

Kuma ba sau ɗaya Kano ta juya wa mai mulki baya ba. A 2003 Rabi'u Musa Kwankwaso yana kan kujerar gwamna, jam'iyyarsa ke mulki a Abuja, Malam Ibrahim Shekarau, tsohon malamin makaranta kuma ma'aikacin gwamnati, ya kayar da shi. A 2011 Kwankwason ya dawo ya kayar da ɗan takarar gwamnatin Shekarau. A 2023 jam'iyyar NNPP, da Abba a matsayin ɗan takararta, ta karɓe jihar daga APC. A 2015 Kano ta ba Muhammadu Buhari ƙuri'a miliyan 1.9, a zaɓen da shugaban ƙasa mai ci ya fara faɗuwa a tarihin Najeriya. Koma baya zuwa zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yunin 1993: Bashir Tofa ɗan Kano ne, amma Abiola ne ya ci Kano. Ba banza ake cewa siyasar Kano sai Kano ba.

Ai sun riga sun rubuta sakamako, mu dai wahalar da mu ake yi. Ko ba haka ba ne?

Maguɗi yana nan, wanda ya ce babu shi bai taɓa kwana a wurin tattara sakamako ba. Amma akwai bambanci tsakanin a ce ana maguɗi da a ce maguɗi ne kaɗai ke aiki. Da rubutawa kawai ake yi, ba gwamnan da zai bari a kayar da shi ko ɗan takararsa, ga shi kuwa mun lissafa sau uku a Kano. Da ƙuri'a ba ta da daraja, ba wanda zai kashe kuɗinsa yana saye. Ɗan siyasa ba ya sayen abin banza.

Abin da na lura da shi shi ne maguɗi yana da iyakar nauyin da zai iya ɗauka. Yana son wuri biyu: inda tazara ta yi ƙanƙanta, da inda ba kowa. A 2019 an tashi zagayen farko Abba yana gaba da 26,655, amma ƙuri'un akwatunan da aka soke sun haura dubu 100, shi ya sa aka ce zaɓe bai kammala ba. Daga nan kalmar inkwankulusib ta shiga bakin yara da manya. Abin da ya faru a mazaɓar Gama ranar 23 ga Maris, na 'yan daba da makamai da korar masu zaɓe, masu sa ido na gida da na waje sun rubuta shi, duk da cewa kotuna sun tabbatar da zaɓen daga baya. Mutane da yawa a ranar suka rantse sun bar zaɓe. Ina fahimtarsu. Sai dai darasin da ni na ɗauka daban ne: ƙaramar tazara ce ta buɗe ƙofar.

A 2023 an zo da na'urar BVAS mai tantance mutum da yatsa ko fuska, kuma dokar zaɓe ta 2022 ta ce idan ƙuri'un akwati suka fi yawan waɗanda aka tantance, aringizo ne, a soke. Wannan ya rage irin dangwalen da ake yi a ɗaki. Amma alƙawarin ɗora sakamakon shugaban ƙasa a shafin intanet na hukumar zaɓe, wato IReV, nan take bai cika ba a ranar 25 ga Fabrairu, kuma wannan ya zubar da yardar mutane ƙwarai.

Abin da ke hannun talaka shi ne rumfarsa. A can ake ƙirgawa a bainar jama'a, a cike takardar sakamako, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a liƙa kwafi a bango. A rumfarmu, a bakin wata makarantar firamare, an kai bayan magariba ana ƙirga. Wutar lantarki babu, sai samari suka kewaye malamin zaɓe da fitilun waya, yana ɗaga takarda ɗaya-ɗaya, jama'a na amsawa da ƙarfi: arba'in da ɗaya, arba'in da biyu. Wata dattijuwa ta zauna a kan bencin 'yan makaranta da carbinta, ta ce ba inda za ta sai ta ga an liƙa. Da aka liƙa, wayoyi sun fi 30 da suka ɗauki hoton takardar. Wannan shi ne "a kasa, a tsare, a raka" da ake faɗa. Canza irin wannan sakamako ba ya gagara, amma yana da tsada, kuma yana barin shaida.

To idan mun zaɓa kotu ta ƙwace fa?

Mun ga an kusa. A watan Satumbar 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta cire ƙuri'a 165,663 daga na Abba, bisa cewa takardun ba su da hatimi ko sa hannu, alhali tazararsa a kan Nasiru Yusuf Gawuna na APC 128,897 ce. Kotun ɗaukaka ƙara ma ba ta ba shi gaskiya ba. Sai ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa da ƙuri'unsa. Wata huɗu garin nan yana zaman ɗar-ɗar.

Ko wane ɓangare kake, akwai abin ɗauka na aiki: idan an miƙo maka takardar ƙuri'a, juya bayanta ka duba hatimi da sa hannu da kwanan wata kafin ka shiga dangwalawa. Idan babu, ka yi magana a nan take.

Idan muka ƙaurace gaba ɗaya, ba zai zama saƙo gare su ba?

Nan ne nake ganin mutane suka fi yin kuskuren lissafi. Tsarin mulkin 1999 bai gindaya adadin mutanen da dole su fita kafin zaɓe ya inganta ba. Gwamna yana bukatar ƙuri'a mafi yawa, da kuma kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomi, wato 30 cikin 44 a Kano. Kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka jefa, ba na mutanen gari ba. Ko mutum dubu 50 ne suka fita a duk jihar, za a rantsar da wani, ya riƙe baitulmali shekara huɗu. Kuma babu gurbin "ban yarda da kowa ba" a takardar ƙuri'a. Idan ka ɓata ta da gangan, cikin lalatattu za a jefa ta, tare da ta wanda tawada ta zame masa.

Saboda haka shirunka ba ya isa kunnen kowa a matsayin fushi. Abin da yake yi shi ne rage wa mai sayen ƙuri'a kashe kuɗi. Rumfa mai mutum 700, idan 600 suka fito, sayen rinjaye sai mai ƙaton aljihu. Idan 120 suka fito, katan ɗin taliya kaɗan sun gama aiki.

Me ke hana mutane fita? Lalaci ne kawai?

A'a, kuma masu cewa lalaci ne yawanci rumfarsu tana bayan gidansu. Akwai wanda ya ƙi, akwai wanda aka hana, bai kamata a zuba su a kwando ɗaya ba.

Ɗauki ɗan kasuwar Kwari ko Singa da ya yi rajista kusa da shagonsa shekarun baya, yanzu yana zaune a Rijiyar Zaki ko Ɗorayi. Ranar zaɓe an hana zirga-zirgar ababen hawa. Sai dai ya taka da ƙafa ko ya haƙura. Haka amaryar da aka kai Hotoro katinta yana Gwammaja, da ɗalibin da ke Zariya, da ɗan ci-rani da ke Legas ko Fatakwal. Malaman zaɓe da jami'an tsaro da ke aiki a ranar ma akasari ba sa jefawa. 'Yan Najeriya mazauna Saudiyya ko Ingila doka ba ta ba su dama ba sam.

Sannan akwai mai neman na yau. Mai tura kurar ruwa, mai faci, mai sayar da rake: ranar da bai fita ba tukunya ba ta hau wuta ba. A ce masa ya tsaya layi tun hantsi har la'asar, sadaukarwa ce da ma'aikacin gwamnati bai san zafinta ba. A 2023 abin ya haɗu da canjin kuɗi, mutane na kwana a layin banki don dubu biyar, ga wahalar mai. A 2019 kuwa cikin dare, sa'o'i kaɗan kafin buɗe rumfuna ranar 16 ga Fabrairu, aka ɗage zaɓe da mako guda. Wanda ya yi kuɗin mota ya zo gida, da wuya ya sake yin wani.

Akwai tsoro. Uwar da ta ga an zare wuƙa a layi ba za ta bar 'yarta ta koma ba, kuma ba ni da bakin ce mata ta yi kuskure.

Na ƙarshe su ne masu karyayyar zuciya, kuma su ne suka fi yawan magana. Wani tela a layinmu ya ba ni labarin yadda ya bi layi a 2015 tun asuba, ya raka akwati har ofishin mazaɓa da ƙafa, ya yi kuka ranar da aka faɗi sakamako. Ya nuna min injin janareta a ƙofar shago ya ce, "Yaya, wannan nawa nake zuba masa mai a lokacin, nawa nake zubawa yanzu?" Ban ba shi amsa ba, don ba ni da ita. Zaɓe yana iya canza mai mulki, wannan Kano ta tabbatar. Cewa zai canza farashin masara, wannan ba wanda zai yi maka rantsuwa a kai. Abin da kawai na ce masa shi ne man da yake kuka da shi, magana ɗaya ce daga bakin zaɓaɓɓen shugaba ranar 29 ga Mayun 2023 ta tashi farashinsa. Siyasar da ya bari ba ta bar shi ba.

Duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Wa zan zaɓa?

Da gaskiyarka ta wani ɓangare. Yawancin manyan 'yan siyasar Kano sun zauna a inuwa ɗaya a wani lokaci: Ganduje mataimakin Kwankwaso ne har sau biyu, Gawuna ya yi aiki da gwamnatocin Shekarau da Kwankwaso da Ganduje. Kuma tun a zaɓen fidda gwani ake yi wa talaka ɗauki-ɗora, deliget su karɓi nasu, a kawo maka wanda ubangida ya ga dama.

Amma halinsu ɗaya ba ya nufin aikinsu ɗaya. Wani ya fi karkata ga tura ɗalibai karatu, wani ga gadoji, wani ga albashi da fansho, wani ya zo da rusau. Kowanne akwai wanda ya dara, akwai wanda ya koka. Ba mala'ika ake nema a akwati ba. Tambayar ita ce wanne ne idan ya ɓata za ka iya jurewa, kuma wanne ne yake tsoron ranar da zai dawo neman ƙuri'arka.

In karɓi taliya da atamfa in zaɓi wanda nake so, akwai laifi?

A doka akwai. Dokar 2022 ta sa mai bayarwa da mai karɓa duka cikin laifi, da tarar da za ta iya kai naira 500,000 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyun. An kuma hana shiga wurin dangwale da waya, don kada a ɗauki hoton ƙuri'a a kai shaida. Malamai da yawa suna cewa cin amana ne ko ta wace fuska: ko ka ci amanar gari, ko ka ci ta wanda ya ba ka.

Ni ba na iya zagin matar da ta karɓi taliya biyu da sabulu alhali yaranta ba su karya ba. Wanda ya mayar da ita haka shi ne abin zagi. Amma lissafin a fili yake: shekara huɗu kwana 1,461 ne. Dubu biyar a kansu ba ta kai naira huɗu a rana ba.

Addini ya yarda da zaɓe?

Wannan fagen malamai ne, ba nawa ba. Akwai masu ganin tsarin gaba ɗaya ba na Musulunci ba ne, don haka ba sa shiga. Mafi yawan malaman Kano, na ɗariƙa da na Izala, suna kira a yi kati a fita, hujjarsu ita ce idan ba a samu mafi alheri ba a zaɓi mafi sauƙin sharri, kuma barin fage ga ɓata-gari shi ma zaɓi ne. Abin da zan ƙara kawai: ka bambance malamin da ke ce maka ka fita, da wanda ke ce maka ga wanda za ka zaɓa bayan an gan shi a gidan ɗan takara.

Wane zaɓe ne ya fi shafar rayuwata?

Wanda aka fi rainawa. Kowa idonsa na kan shugaban ƙasa da gwamna, sai a dangwala sauran "sak" ba tare da an san sunan mutum ba. Kano tana da sanata 3, 'yan majalisar wakilai 24, 'yan majalisar jiha 40. Waɗannan 40 ɗin su ke amincewa da kasafin kuɗi da bashin da jiha za ta ci. Su suka yi dokar da ta raba masarautar Kano gida biyar a 2019, su kuma suka soke ta a watan Mayun 2024. Ko kana murna da wannan ko kana baƙin ciki, hannun ɗan majalisar unguwarku yana ciki. Ka san sunansa? Kujerarsa kuwa sau da yawa ƙuri'u 'yan dubbai ko ɗaruruwa ke raba ta. Wake da shinkafa, wato zaɓar jam'iyyu daban-daban, ba laifi ba ne, takardun ma daban-daban ake ba ka.

Zaɓen ƙananan hukumomi fa?

Nan kam ba zan yi maka daɗin baki ba. Hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi, gwamna ke naɗa ta. A 2018 da 2021 APC ta cinye 44 cikin 44. A Oktoban 2024 NNPP ta cinye 44 cikin 44. Haka abin yake a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ke mulki. Wanda ya ce wannan naɗi ne da rigar zaɓe, ban da abin da zan musa masa.

Idan wanda muka zaɓa ya ci amana, sai mun jira shekara huɗu?

Ga ɗan majalisa akwai kiranye, amma sharaɗinsa dutse ne: sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, a tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. A inda sulusi ke fita zaɓe, ina za a samo rabi? An gwada a kan Dino Melaye a Kogi a 2018, abin ya rushe tun a tantancewa. Gwamna da shugaban ƙasa ba a yi musu kiranye, sai dai majalisa ta tsige su.

Za a iya hukunta ni don ban yi zaɓe ba?

A'a. A 2025 an kawo ƙudirin tilasta zaɓe a majalisar wakilai, jama'a suka yi ca, aka janye shi. Ostireliya tana tilastawa tun 1924, amma can ba a zare wa kowa wuƙa a layi.

Maigidana ya ce mata ba su da abin yi a rumfar zaɓe. Haka ne?

Hajiya, duba layin mata a kowace rumfa a Dala ko Gwale, sau da yawa ya fi na maza tsawo, kuma 'yan siyasa sun san haka, shi ya sa atamfa ta fi shadda yawa a kayan rabo. Wannan dama ba kyauta aka same ta ba. A zaɓen 1959 matan kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su jefa ba. Sai a 1976 aka ba su dama, suka fara zaɓen ƙasa a 1979, shekarar da PRP ta Malam Aminu Kano ta kawo Abubakar Rimi. Jam'iyyar NEPU, da aka kafa a nan Kano ranar 8 ga Agustan 1950, tana cikin masu wannan fafutuka tun farko, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kanta. A lallaɓa maigida, a nuna masa layin mata daban yake. Idan tsaro ne damuwarsa, ku tafi tare da safe.

Na yanke shawarar zan fita. Me zan yi tun yanzu?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ka sauya unguwa, nemi a mayar da rajistarka rumfar da za ka iya zuwa da ƙafa, ana yi ne lokacin da aka buɗe rajista, a ofishin hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, na ƙaramar hukumarka, wani ɓangaren ma ta intanet. Kada ka sake sabuwar rajista, yin biyu laifi ne kuma na'ura na ganowa. Idan ka yi, je ka karɓi katin da kanka, kada ka ba kowa lambarsa da sunan tallafi. Ka tabbatar da rumfarka kafin ranar, don an ƙirƙiro sababbi a 2021 an kuma rarraba mutane, wasu sai da suka kai gaban layi suka ji sunansu ba ya nan.

A zaɓen 2023 ƙa'ida ita ce a buɗe da 8:30 na safe a rufe layi da 2:30 na rana, kuma duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya jefa ko da dare zai yi. Tsofaffi da masu juna biyu da masu bukata ta musamman ana shigar da su gaba. Ka karya kumallo, ka riƙo ruwa, ka bar hula ko rigar jam'iyya a gida. Bayan ka dangwala, ka ɗan jira tawadar ta sha iska kafin ka naɗe takardar, don kada ta taɓa wani gurbin a ce ta lalace.